Borin Jinin Baba Kafinta

"Sauke hannun nan, Baba," in ji Mai Aski, ya fizge rular katakon da tsohon ke sosa baya da ita.

"Kai dai ka cika shisshigi. Bayanka ne ko nawa?"

Baba Kafinta maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ce tsakanin shagon askin da ɗakin tsohon. Tun ranar da asibiti suka ce a mai da shi gida a yi ta lallaɓawa, kowa ya gane nufinsu, har shi mai jikin. Ana cikin haka sai ga sabuwar fitina: maganin da aka ƙara masa saboda tari ya tayar masa da borin jini. Wuya da ƙirji da damatsa duk sun yi ruɗu-ruɗu, in wannan ya kwanta wancan ya tashi. Matarsa kuwa, baiwar Allah, har murna take yi. A ganinta ciwon ne ke fita ta fata, don haka ko sau ɗaya ba ta bari lokacin shan maganin ya wuce ba.

Mai Aski bai yarda ba, ya kira likita a waya. Likitan ya tambaya ko leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi na sarƙewa. Aka ce a'a.

"To a daina ba shi maganin nan yanzun nan. A ba shi ƙwayar ƙaiƙayi, a riƙa danna masa tsumma mai sanyi. Sai dai yadda jikinsa ya yi laushi, ko mai sauƙin ce za ta sa shi barci mai nauyi. In numfashi ya canza, ku kawo shi da gaggawa."

Aka sayo ƙwayar, Baba ya kau da kai.

"Auta na kan hanya," ya ce. "Yarinya ta taso tun daga uwa duniya, ta zo ta tarar da ni ina minshari? In kuma ban farka ba fa?"

Matarsa ta tashi ta shige kicin, wai za ta duba tukunya, alhali ko wuta ba ta kunna ba. Mai Aski ya ji tausayi ya cika masa ciki. Ya je ya rufe shago da rana tsaka, ya dawo da tawul ɗin aski da kwanon ruwan ƙanƙara. Ya fara yanke wa tsohon farce, sannan ya cire masa riga mai kauri, ya juyo da fanka. Ya jiƙa, ya matse, ya danna; in wuri ya lafa ya koma wani.

"Ashe hannunka na da sauƙi," in ji Baba, yana cije leɓe. "Me ya sa in kana min aski kake kamar mai fere katako?"

"Ai kan ne da tauri, Baba."

Haka suka wuni. Da ƙaiƙayin ya ciyo shi, sai ya damƙe ƙarfen gado ya rufe ido, Mai Aski kuma ya jawo masa hirar ƙofofin da ya yi wa mutanen layin, har da wadda ya kafa a juye ya rantse haka ake yayi.

Rana ta yi sanyi sannan mota ta tsaya a waje. Auta ta shigo ko takalmi ba ta cire ba, ta durƙusa a gaban gadon.

"Baba, me ya sami jikinka haka?"

"Ado na yi miki." Ya daɗe yana kallonta, ya shafa kanta. "Kin rame. Ba kya cin abinci ne?" Ta yi dariya, hawaye na zuba. Suka yi hira iya ƙarfinsa, sannan ya waiwayi Mai Aski. "To, kawo abar nan. Na ga abin da nake jira."

Ya haɗiye, barci ya ɗauke shi a hankali. Bai sake farkawa ba. Da hantsi washegari ya cika.

Da Mai Aski ya shigo, ya tarar da Auta zaune a bakin gadon, idonta ya bushe.

"Yaya, zo ka gani," ta ce a hankali.

Ya matso. Borin ya kwanta gaba ɗaya, fatar ta yi sumul, tafin hannunta na kan damtsen mahaifinta.