Tokar Malam Gwaji

Malamin kimiyya na aji biyar ba ya iya koyar da abu da baki kawai, sai ya gwada. Shi ya sa yara suka laƙaba masa Malam Gwaji. Mutumin kirki ne, amma in darasi ya ɗebe shi, ko sunansa sai an tuna masa.

Ranar darasin dainoso, ƙattin dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da, ya shigo da baho cike da toka, da dutse kamar dunƙulen hannu, da tocila. Ya sa aka rufe tagogi da ƙofa ruf, kada iska ta ɓata masa aiki. Autarsa, wadda ke ajin, tana bencin gaba.

"Masana sun ce ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama," in ji shi. "Wasu sun ce duwatsu masu aman wuta ma sun taimaka. Amma ba bugun dutsen ne ya gama da yawancinsu ba. Wannan tocilar ita ce rana. Ku zuba ido."

Ya hau kujera ya saki dutsen cikin bahon. Toka ta turnuƙe ajin, hasken tocilar ya dushe, yara suka hau tafi.

"Kun gani? Ƙura ta rufe rana, ganye ya mutu, masu cin ganye suka bi, masu cin nama suka..."

Sai ya ji wani siririn sauti kamar fito. Shekara goma ya san wannan sautin. Auta ce, ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe, asma ta tashi.

Da safe uwarta ta saka masa abin shaƙar maganinta a aljihun kwat, tana cewa, "Baban Auta, na jakarta ya ƙare, ka ba ta wannan." Kwat ɗin kuwa ya rataye shi a ɗakin malamai, wai don kada toka ta ɓata shi. Ka ji mutum fa. Ya tuna da kwat, ya manta da ƙirjin 'yarsa.

"Ku buɗe tagogi, ku fitar da ita!"

Ya kwasa a guje zuwa ɗakin malamai, takalmi ɗaya ya fita bai waiwaya ba. Ya laluba aljihun da ba shi ba, sannan ya samu. Ko da ya dawo, an zaunar da ita a baranda, fiton ya ragu, kuma wannan ne ya fi tsorata shi, don ya san iska ce ta daina shiga. Ya durƙusa ya matsa mata sau ɗaya, ya sake, yana ƙirga numfashinta, nasa a tsaye.

Can ta yi tari, ta ja iska mai tsawo. Ta dubi fuskarsa da ta yi furu-furu da toka.

"Baba," ta ce da ƙyar, "su dainoson ba wanda ya buɗe musu taga, ko?"

Ya rungume ta yana kuka a gaban ɗalibansa.