Hoton Duhu

"Ka sauke ƙafar hagun kaɗan, ta karkace," in ji Mai Ƙafa Uku daga kan gado.

Na durƙusa na gyara, raina a ɓace. Mutum ciwo ya cinye shi, ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa, amma har yanzu shi ke koya mini sana'ar da na tsufa a cikinta.

Shagunanmu na hoto bango ɗaya ya raba su, gidajenmu ma haka. Ni Yanzu-Yanzu ake ce mini, don kafin ka gama gyara kwalar riga hotonka ya fito. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar hoto da kyamara a hannu ba, sai ya kafa ta a kan sandarsa mai ƙafa uku, har sunan ya bi shi. Ni ake kawo wa hoton katin makaranta, shi ake kai wa wanda za a rataye a falo. Ba zan ɓoye ba, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Da hantsin ranar matarsa ta buga mini ƙofa. Ta ce duk layin nan babu gidan da ba shi da hoton mijinta, amma su biyu ba su da ko ɗaya tare. Wanzami ba ya son jarfa. Sai yanzu da jiki ya ƙi ya yarda, kuma ya ce ni za a kira.

"Ni, Yaya?"

"To wa muke da shi? Amma ya ce da kyamararsa."

Ka ji fa. Hannuna ya yi, kayana ne ba su yi ba.

Ɗakin duhu-duhu yake, ga zafi, ga warin man shafawa. Haske yana soke masa ido, don haka an saki labule, zancen walƙiyar filasha kuwa bai ma taso ba. A irin wannan wuri sai an bar idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci ta tara haske a hankali, mutane su zauna kamar an dasa su. Matsalar ita ce idan ta daɗe a buɗe cikinta yana ɗaukar zafi, sai ta watsa wa hoton ɗige-ɗige, ja da kore da shuɗi. Shi ƙuraje yake kiran su.

Maganinsa kowa a layin ya san shi, har yara suna kwaikwayonsa. Da ya gama ɗaukar hoto sai ya rufe idon kyamarar da murfi, ya sake dannawa, ya harɗe hannu ya jira daidai tsawon na farko, tun ba ta huce ba. Hoton baƙi ƙirin yake fitowa, babu komai sai ƙurajen, kowanne a inda ya zauna a na farko. Sai kwamfuta ta ɗebe wannan daga wancan. Na san dabarar sarai, haƙurin ne ban da shi. Ni gogewa nake yi har fuskar mutum ta koma kamar sabulu.

"Maƙwabci, yau ma duhu kake yi wa hoto?" haka nake tsokanarsa ta taga. "Guda nawa ya ce a wanko masa?"

"Shi ba ya gardama," ya kan ce. "Ba ya cewa na ƙara masa hanci."

Matarsa ta tayar da shi zaune, ta tokare bayansa da filo, ta goge masa baki da gefen zaninta. Ta zauna ta riƙe hannunsa da hannu biyu don kada rawar da yake yi ta fito a hoton. Na tuna tawa matar, wadda in na yi tari sai ta ce in je waje kada in tashi yara. Mutumin nan har jinya ya fi ni dacewa.

"Sau ɗaya zan iya," ya ce. "Kada ka taɓa sandar."

"Na sani."

"Ka sani, amma kana taɓawa."

Na danna. Babu motsi sai fanka. Na ga yadda yake danne tari, jijiyar wuyansa ta tashi, ita kuma ko ƙiftawa ba ta yi. Da kyamarar ta ce ƙyat sai tarin ya ɓalle masa, ya kife a cinyarta, numfashi ya ƙi komawa. Ta ƙwala ihu. Kafin ka ce me, ƙaninta da tela na ƙarshen layi sun shigo sun cicciɓe shi sun yi waje, ana ta kiran mai mota.

Ni kaɗai na rage a ɗakin. Na leƙa bayan kyamarar na ƙara girman hoton. Bai girgiza ba ko kaɗan, amma ƙuraje sun yi masa caa, wani jajir a kan kumatunta, wani kore a cikin idonsa. Allah ya yafe mini, daɗi na fara ji. Ashe kyamarar sarkin tsafta ma ta tsufa, ta fi tawa ƙazanta. In na kashe ta na bi su, babu wanda zai ga laifina, kuma a karo na farko hoto mai datti zai fita daga gidan nan. In aka bar hoton duhun sai gobe, kyamarar ta huce, ɗakin ya canza, ƙurajen ba lalle su zauna daidai ba.

Murfin yana kan filo, a inda bayan maƙwabcina ya lotsa.

"Kai, Yanzu-Yanzu!" tela ya leƙo yana haki. "Ana ta rai kana ta kyamara? Zo ka kama mana ƙofar mota!"

"Ina zuwa."

"Kana zuwa? Wallahi ba ka da kunya."

Na ɗauki murfin na rufe wa kyamarar ido na danna. Na harɗe hannu. Ina jin motar ta tashi, ta sha kwana, ƙararta ta ɓace, kyamarar ba ta gama ba. Ban taɓa sanin rabin minti yana da tsawo haka ba.

Mai Ƙafa Uku bai kwana ba. Da la'asar ƙanin matar ya dawo shi kaɗai, takalman mamacin a hannunsa.

Bayan kwana biyu na zauna a shago na ɗora hoton duhun a kan nasu. Ƙurajen suka ɗauke tas, ba tare da na goge komai ba. Kowace furfura ta fito, har tabon da ke goshinta, har yatsunta da suka nutse a hannunsa. Tunda nake ban taɓa yin hoto irinsa ba.

Ta rataye shi a falo, masu zuwa gaisuwa suna tsayawa a gabansa.

"Kai, hannunsa daban ne," in ji tela, wanda har ranar bai amsa sallamata ba. "Mutum yana kan gargara ya yi wannan! Wasu ko shekara ɗari suka yi ba su kamo ƙafarsa."

Na dubi matar, ina jira ta ce wani abu. Ba ta ji ba ma. Tana tsaye tana goge gilashin da gefen mayafinta.

Na koma shago. Ta bango babu ƙarar jan kujerarsa, babu rediyonsa. Na buɗe hoton duhun ya cika fuskar kwamfutar, baƙi ƙirin da ɗige-ɗigensa. Na gane jan nan na kumatunta, na gane koren idonsa. Wata mata ta leƙo da ɗanta tana son hoton makaranta, ta ce sauri take yi. Na nuna mata benci na ce ta ɗan zauna.