Katakon Auta

Kafinta ya tsaya gaban kantar wani shago yana jujjuya abin a hannunsa. Shekara da shekaru yana sana'ar katako, yau ga katako ya zame masa baƙo. Ɗan faifai ne siriri mai mariƙi, tsirara, ko roba babu. Wai haka ake sayensa, a kai wa koci, mai horar da 'yan wasa, ya manna masa roba gaba da baya, sannan ya zama abin buga ƙwallon tebur.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta jawo shi shagon. An zaɓe ta cikin masu wakiltar makarantarsu a gasa, na aron da take bugawa da shi kuma ya dare. Idonta na kan wani baƙi mai ƙyalli da ke cikin gilashi.

"Baba, ka ga wancan? Irinsa manyan 'yan wasa ke riƙewa."

"Yarinya ta san kaya," in ji mai shago. "Akwai sinadarin kabon a cikinsa, mai ƙara masa ƙarfi. Da kin taɓa ƙwallo sai ta tashi kamar an koro ta."

Kafinta ya ciro waya ya kira koci.

"Kada ka kuskura," in ji koci. "Wanda ke koyon keke ba a ba shi babur. Saya mata na katako zalla, mai falle biyar, mai arahar nan. Shi ke barin ƙwallo ta ɗan zauna har hannu ya ji ta."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar kafinta, kuma sanyin nan shi ya dame shi. Da zai matse kansa, baƙin bai fi ƙarfinsa ba. To shawarar koci ya bi, ko aljihunsa ne ya sami mai ba shi gaskiya? Da koci ya ce a sayi mai tsadar, anya da bai nemi wani ya sake tambaya ba? Yana wannan saƙa da warwara aka ƙunshe masa mai arahar.

Da suka kusa gida sai Auta ta dube shi.

"Da Yaya ne, da wancan ka saya masa."

"Koci ne ya ce..."

"Ba komai, Baba. Na gode."

Wannan "ba komai" ta tsaya masa a rai. Washegari ya tafi da katakon shagon aikinsa, ya ture ƙofar da yake gyarawa gefe, ya ajiye shi a kan benci. Fari fat, abin tausayi, kamar murfin tukunya. Abu ɗaya ya sani a duniya: katakon da ake so a girmama, fenti ake yi masa. Ya shafa baƙi, ya bi da mai sheƙi irin na ƙofofin masu hali, ya bari ya bushe, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Da ya gama, har fuskarsa yake gani a ciki.

Da yamma suka kai wa koci a ɗakin wasa. Tebura a jere, ƙwallaye na ta ƙas-ƙas. Koci ya riga ya fito da roba da gam da almakashi. Ya karɓi katakon, ya shafa da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa kusa da kunnensa. Sai ya dubi kafinta.

"Malam, ƙofa ka kawo mini?"

Ya ɗiga gam, gam ya zame ya taru gefe guda.

"Ka gani? Roba ba za ta zauna ba. Kuma ka sa ya ƙandare. Laushin da na aike ka nema, shi ka binne."

"Ni gyara na yi," in ji kafinta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To sai a kankare gyaran. A hankali fa, fallen saman bai fi farce kauri ba. In aka cinye shi, ba ta da abin shiga gasa."

Koci ya koma wajen 'yan wasansa. Uba da 'ya suka zauna a benci, katakon na sheƙi a tsakaninsu.

"Baba, me ya sa ka yi masa fenti?"

"Don kada ki ce araha na bi."

"To araha ka bi?"

Ya dubi katakon.

"Wallahi, Auta, tun jiya nake tambayar kaina. Har yanzu ban sami amsa ba."

Ta dube shi. Sannan ta zura hannu a aljihun rigarsa, inda ba a rasa samfefar goge katako, ta ciro guntu.

"Ta ina ake farawa?"

"Bi layin katakon, kada ki gitta shi. Sassauta hannu, ba bashinki ya ci ba."

Baƙin gari ya riƙa zuba a kan siket ɗinta. Da farin katako ya leƙo ta tsakiya, ta ɗauki ƙwallo ta buga a kai, ta karkata kai tana saurare.

"Ka ji? Ya fara dawowa."

Kafinta ya kasa kunne iya ƙarfinsa. Shi dai ƙas-ƙas ɗin duk ɗaya yake jin sa. Ya karɓi samfefar ya ci gaba daga inda ta tsaya.