Tafarnuwar Gambo a Jarka

"Tsinin ne sama, Inna."

"Kai ka taɓa noma ne, ango? Gindin ne sama."

Sunusi ya ajiye ƙusar da yake huda jarkoki da ita, ya dubi tsohuwar. Inna Hajo na zaune a tabarma, ƙullin tafarnuwa a cinyarta, tana jujjuya ƙwaya ɗaya a yatsunta.

"To ke kin taɓa?"

Ta mayar da ƙwayar cikin ƙullin. "Shekara da shekaru ina kai wa Gambo fura gona, ban taɓa kallon hannunsa ba. Fuskarsa nake kallo."

Gambo mijinta ne. A wani ƙauye gefen Baturiya ya yi noman tafarnuwa, 'yar ƙarama mai jan ɓawo, irin da yake warewa da kansa duk shekara. Ciyawar kacalla ta fara cinye fadamar, ambaliya ta zo ta ƙarasa, shi ma bai daɗe ba ya rasu. Hajo ta dawo Haɗejiya gidan ɗan yayanta, bango ɗaya da su Sunusi. Wannan ƙullin shi ne abin da ya rage na irin Gambo a duniya.

Sunusi keke mai ƙafa uku yake ja na haya. Kafin nan ya gwada faci, ya gwada cajin waya, bai zauna ko'ina ba. Shi ya samo mata jarkokin manja ya yanke, ya ɗebo ƙasa a bakin kogi suka cakuɗa da kashin awaki. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai suka raba, rabi tsini sama, rabi ƙasa. Nasa suka fara tsirowa. Nata suka biyo baya a karkace.

"Sun dai fito," in ji ta. "Gambo ma ba ya sauri."

Duk tsawon sanyi, kafin ya fita da keke sai ya shigo da bokiti. Jarka ɗaya ta ruɓe saboda yawan ruwa, Inna ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Sauran suka yi kore shar a gindin bango. Abokansa a tasha suka fara kiransa Sarkin Noma, ya ƙyale su.

Zafi na shigowa ciwo ya kwantar da Inna. Aka kai ta asibiti aka dawo, ba ta ƙara fitowa tsakar gida ba. Daga bakin ƙofar ɗakinta yake ba ta labari.

"Ganyen ya fara ja, Inna."

"Saura kaɗan ke nan. Ango, ba ta ci ba ce, ka ji? Iri ce. In ta ƙosa ka shanya ta, ka kai ƙauye, ka ba duk wanda ya samu busasshiyar ƙasa."

"Tare za mu kai. Kyauta zan ɗauke ki."

"Wa zai hau wannan akwalar taka?" Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta.

Da hantsin Talata ta cika. Kafin azahar an kai ta. Sunusi bai ko wanke ƙasar maƙabarta daga ƙafarsa ba aka ce mutanen ƙauye sun sauka a tasha. Ya yi ta jigila har rana ta faɗi, washegari ma haka. Gidan ya cika da mata, ba halin namiji ya shiga. Ya ce a ransa kwana biyu ba ruwa ba zai kashe tafarnuwar ba.

Ran sadakar uku ya dawo daga sahun ƙarshe ya tarar da jarkokin a waje, an kife su ɗaya kan ɗaya, ƙasar an tsibe ta gefen kwata. Ya tsaya a zaure ya sa aka kira Bashira, matar gidan.

"Yaya Bashira, tafarnuwar fa?"

"Wallahi wuri ne ya yi kaɗan, baƙi ba inda za su shimfiɗa tabarma. Amma ba a zubar ba, an daka a miya. Ai gara ladan ya kai mata." Ta ga fuskarsa. "Lafiya, Sunusi?"

"Duka?"

"Ai ba ta da yawa."

Ya fita ya tsuguna gaban tsibin, ya yi ta tona da hannu. Saiwoyi ne kawai, farare, sun fara bushewa.

Aka fito da tuwo aka jera wa maza a ƙofar gida. Wani dattijo daga ƙauyen, Malam Nu'uman, ya yafito shi.

"Zo ka sa hannu, ɗana, ka sha wahalarmu."

Sunusi ya wanke hannu ya zauna. Dattijon ya kai loma ɗaya, ya daina tauna, ya runtse ido.

"Ikon Allah. Rabona da in ji wannan ƙamshin tun Gambo na da rai. A ina kuka samo irinta? Ina da ɗan tudun da ruwa bai hau ba bana."

Sauran mazan suka ci gaba da cin tuwonsu. Sunusi ya gutsuri tuwon ya tsoma a miya, ya riƙe shi a hannu har ya huce.