Katin da Alhaji Ya Tsaya Wa

Tun da Sahabi ya faɗo daga saman motar shanu a hanyar Kolokondé, ƙafafunsa ba su sake motsi ba. Likitocin Parakou suka yi iya yinsu, suka sallamo shi gida Djougou, aka kwantar da shi a ɗakin da ke jikin zaure. Amma ba ƙafafun ne suka fi tayar wa yayarsa Lubabatu hankali ba, abinci ne. Saurayin da a da yake share sakwara ya miƙo kwano a ƙara masa, yanzu sai a kai kwano a ɗauko kwano, ko murfin bai ɗaga ba. Kullum ƙara zubewa yake yi, kuma ba ta buƙatar likita ya gaya mata inda hakan zai kai shi.

Abu ɗaya ya rage da yake sa shi buɗe ido, wasan kwamfuta. Can Parakou yake da abokai, a wani shagon wasa da yake leƙawa duk ranar da suka sauke shanu. Wata rana ya ce, kamar mai magana da bango, da yana da tasa kwamfutar da daga nan kwance zai riƙa bugawa da su ta intanet. Lubabatu ta aika wa Bafulatanin da ke kiwon sa guda ɗaya tilo da take da shi, aka kai shi kasuwa. Jika ɗari uku na sefa ya fita, kuma ba ta da ko dala bayan su.

A satin nan Sahabi ya ci abinci. Waya a hannu ɗaya, cokali a ɗayan, yana ta lissafin abin da za a saya da abin da za a haƙura da shi.

"Yaya, kart grafik, katin da ke zana hoton wasa, shi ne komai. Rabin kuɗin nasa ne, kuma okaziyo, na hannu, za mu saya, sabo ya fi ƙarfinmu. Prosesa matsakaici ya isa. Akwati ko mummuna ne ɗauko, ba aure zan kai shi ba. Alimantasiyo kuwa, wadda ke raba wuta, kar ki yi mata rowa, kin san kuran, lantarkin garin nan." Ya haɗiye loma. "Katin kuma a kunna shi a gabanki, a ɗora masa wasa mai nauyi har ya yi zafi. In ba a gwada ba, ki baro shi."

Ta maimaita masa har sai da ya yi dariya. Rabon da ta ji dariyar nan tun kafin hatsarin.

To, 'yan gidansu ba sa shiga kasuwar Parakou da ka. Tun zamanin ayarin goro suna da mai masauki a zango, gidan su Alhaji Tambaya. A can ake sauka, a can ake cin abinci, kuma duk wata babbar sayayya ta hannunsa take bi. In ya ce ya tsaya wa kaya, magana ta ƙare. Dattijo ne na kirki, wannan babu musu. Ya san goro, ya san sa tun daga tafiyarsa. Kwamfuta dai ko kunna ta bai taɓa yi ba.

Da Lubabatu ta sauka Parakou, shi ya kai ta shagon wani Illiyasu, ɗan maƙwabcinsa. Sauran kayan duk sababbi ne a kwalinsu, aka ware su ba gardama. Da aka zo kan kati, Illiyasu ya fito da guda biyu. Alhaji ya ɗauki wannan ya jinjina, ya ɗauki wancan ya jinjina, ya zaɓi mai nauyin, mai fanka uku.

"Wannan ya fi cika hannu," in ji shi.

"Baba Alhaji, Sahabi ya ce a gwada shi tukuna."

Illiyasu ya sunkuyar da kai yana goge tebur da babu ƙura a kansa.

"Na tsaya masa," in ji Alhaji.

"Na sani, Baba. Amma yaron ya ce..."

"'Yar nan, kakanki ya sayi huhun goro ba iyaka a hannun ubana, bai taɓa kwance ganye ya leƙa ba. Yau ni za a gwada wa kaya a gaban yara?"

Ba da faɗa ya faɗe shi ba, a hankali ne, shi ya sa ya fi ciwo. Lubabatu mace ce mai baki, duk kasuwar Djougou an san ta, amma a gaban dattijon da ta ci tuwon gidansa da rana sai ta ƙirga kuɗi ta miƙa. Aka yi albarka, aka ɗaure kwali. Ta ɗauki kayan ta hau motar Djougou.

Sahabi da kansa ya haɗa kwamfutar, a kan faranti bisa cinyarsa, ita tana riƙe masa ƙananan kusoshi. Goshinsa na zufa, amma bakinsa bai rufu ba don murna. Ya kunna, allo ya kawo haske. Ya buɗe wasa. Ba a je ko'ina ba layuka kore da ja suka tsattsage hoton, sannan allon ya yi baƙi ƙirin. Ya cire katin, ya hure shi, ya mayar. Haka dai.

"Yaya, an gwada shi?"

"Alhaji ya tsaya masa."

Bai zage ta ba, ita kuwa da zagin ya yi da ta fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi ta sauke masa farantin, ya yi masa nauyi.

Da ta kira Illiyasu, sai ya rantse lafiya lau katin ya bar shagonsa, wutar Djougou ce ta ƙona shi. Labari ya kai kunnen Alhaji Tambaya. Ranar Juma'a da hantsi sai ga shi a ƙofar gida, shi da direbansa, da kuɗin katin cif a cikin ambulan. Wanda ya tsaya wa kaya shi ke biya, haka ya gada, kuma bai tsaya sai an roƙe shi ba. Lubabatu ta ga ambulan ɗin daga bayan labule, har ƙwalla ta cika mata ido don farin ciki.

Ta manta gadon yana da ɗaya ɓangaren. Mahaifinsu, Malam Badamasi, ya tura ambulan ɗin baya da yatsa.

"Haba, Alhaji! Tsakanina da kai? Subhanallahi."

Alhaji ya sake turowa. Malam Badamasi ya sake mayarwa, yana ta rantse-rantse, wai in ya karɓi kuɗin nan da wane ido zai sake shiga zangon Parakou. Manyan mutane biyu suna ta tura takarda a kan tabarma kamar yara, ga ɗakin Sahabi nan taku kaɗan, ƙofa a buɗe, kowace kalma tana shiga. Kai, wannan mutunci nasu, Allah ya kyauta!

"Baba," in ji Lubabatu daga bayan labule, "kuɗin sana ne."

Kallo ɗaya ya yi wa labulen. Alhaji ya yi kamar bai ji ba, don kar ya kunyata abokinsa, ya mayar da ambulan aljihu. Suka yi musabaha, kowa ya fita kunyar ɗan'uwansa.

Sannan Malam Badamasi ya ce a fito da yaron ya gaishe da Alhaji. Aka ɗauko Sahabi a kujera. Ya gaishe shi cikin ladabi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi godiyar wahalar hanya, ko kalma ɗaya bai kuskure ba. Mahaifinsa sai murmushi yake, yana cewa ai ga shi nan ya fara warwarewa.

Da aka mayar da shi ɗaki, Lubabatu ta shigo da kwanonsa, shinkafa da miyar da ya fi so. Ta durƙusa ta buɗe masa murfin da kanta.

"Yaya, ki kai wa direban Alhaji," in ji shi. "Ya sha hanya."

"Nasa yana nan daban. Wannan naka ne."

"Ki kai masa duka biyun."

Ta tsaya a durƙushe tana jira ko zai juyo. Da gwiwoyinta suka gaji, ta mayar da murfin, ta ɗauki kwanon ta fita.