Ɓarawo Mai Zaɓen Littafi

"Anti, an kulle mu!"

Injiniya ne, mai kula da kwamfutocin makaranta, ya banko ƙofar ofis, kwamfuta a buɗe a tafin hannunsa kamar mai kai shayi. Anti Laburare ko jakarta ba ta ajiye ba. Wayar tebur na ruri, ta cikin jaka na amsa mata.

"Wa ya kulle wa? Sauke numfashi tukuna."

"Kamfanin da muke hayar littattafansa ta intanet. Sun datse mu kaf. Duk ɗalibin da ya danna littafi, jan rubutu yake gani."

Jibi jarrabawa, kuma yawancin ɗaliban wannan makaranta ta horar da ma'aikatan lafiya ba a cikinta suke ba. Suna can warwatse a ƙananan asibitoci masu nisa, suna aiki suna karatu ta waya. Littattafan kamfanin nan su ne laburarensu.

Ta jawo kwamfutar ta karanta saƙon. Gajere ne, ba ko gaisuwa. Wai wani ya zauna a ɗakin karatun makarantar ya sauke littattafai fiye da abin da aka yarje wa mutum ɗaya, ninkin ba ninkin. Sai an yi musu bayani za su buɗe.

Tana kai ƙarshe Shugaban makaranta ya shigo, hularsa a karkace.

"Suna nake so," ya ce. "Kafin a tashi aiki. In kore shi, in aika wa kamfani takardar korar, su buɗe mana."

Injiniya ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, suna kam babu. Ɗalibin da ke waje da lambarsa yake shiga, amma kwamfutocin ɗakin karatu da sunan makaranta suke shiga. Kuma da mutum ya tashi suke mantawa da shi. Anti ce ta sa na saita su haka."

"Abin da mutum ya karanta sirrinsa ne, ranka ya daɗe," in ji ta. "Mai ɓoye ciwonsa ba zai zo neman littafin ciwon ba in ya san ana leƙensa."

"To sirrin ya buɗe mana ƙofa mu gani." Ya fita ya bar ƙofar a wangale.

Anti ta zauna, ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Tsoro na nan, amma wani abu ya fara danne shi: son sani. Wane irin mutum ne zai kwashi littattafai haka? Ɗaliban da ta sani, babi guda ma sai an bi su da roƙo.

"Ba mu san wane ne ba," ta ce, "amma za mu iya ganin abin da ya ɗauka?"

"Wannan kam kamfani ya turo."

Ya danna, bangon littattafan suka fara wucewa a fuskar kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Karɓar haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa. Shawarar jarirai. Ta gyaɗa kai, wannan duk cikin manhaja ne. Sai ga saran maciji. Sai gyaran firjin ajiye allurar rigakafi. Sai ciwon haƙori. Sai cututtukan awaki.

"Awaki?" Injiniya ya tuntsire da dariya. "Ɓarawon namu makiyayi ne."

"Tsaya. Koma baya."

Wani littafi ne shuɗi, da hoton ƙaton jirgin ruwa a bangonsa. Tarihin jiragen ruwa.

"Injiniya, in kai ne za ka sace mana littattafai, yaya za ka yi?"

"Haba Anti, da wannan fuskar tawa ta salihai?"

"Amsa ni."

"Na'ura zan saka ta kwashe daga farko har ƙarshe, a jere, ba tsallake. Kafin shayi ya huce an gama."

"To wannan tsallake yake yi. Yana zaɓe. Dubi nan, ya sauke littafin haƙori sau biyu, na firji sau uku. Ɓarawo ba ya ɗaukar abu ɗaya sau uku." Ta matso da fuskarta. "Kuma babu mutum ɗaya da ke da ciwon haƙori da awaki da jirgin ruwa a kansa lokaci guda. Wannan ba sata ba ce. Sallahu ne. Wani ne ya shigo gari daga nesa, kowa ya ba shi saƙo."

Tana rufe baki wani abu ya faɗo mata a rai, har sai da ta dafe tebur.

Da safen nan maigidanta ya yi ta zagaye falo da caja a hannu yana mita. Soket ɗin bayan talabijin, waya. Na kicin, waya. Har na banɗaki da ake saka injin aski, waya. "Wai Gwaggonki shagon caji ta buɗe mana ne?" Ita kuwa tana hanzarin shirya yara, dariya kawai ta yi.

Gwaggo ƙanwar mahaifinta ce, ungozoma a wani ƙaramin asibiti can bayan duwatsu. Da furfurarta ta shiga karatun nesa don ta samu takardar shaidar da za ta hana a sauke ta daga aiki. Ta zo gari farkon mako ta sauka a gidansu, kullum kuma tare suke fitowa da safe, ta shige ɗakin karatu da wata jakar leda mai nauyi.

"Anti, lafiya?"

"Zauna nan. Kada ka biyo ni."

Ta ratsa ɗakin karatu, ta wuce ɗalibai masu danna kwamfuta suna tsaki, ta kewaya bayan kantar manyan ƙamus. Ga Gwaggo a kwamfutar lungu, ta baje wayoyi a tebur kamar mai talla, kowace an ɗaure ta da zare mai launi daban. Tana ta dukan madannai da yatsa ɗaya.

"Yauwa, gara da kika zo. Na'urarku ta yi yaji tun safe, ga saura wayoyi uku ban zuba musu ba."

"Gwaggo!" Anti ta rage murya. "Ke ce kika sa aka kulle makaranta gaba ɗaya!"

"Ni? Da wane makulli?"

"Wayoyin su wane ne waɗannan?"

"Na abokan karatuna mana. Mai jan zare ta mai allura ce. Mai kore ta mai ba da magani, shi ne na awakin, annoba ta shigar masa garke. Wannan ta ɗan gidan mai gadi ce da ke koyon duba jini." Ta ɗaga wata mai tsagaggen gilashi. "Shi ne ya ce in samo masa mai jirgin ruwa. Bai taɓa ganin teku ba, wai yana son sanin yadda ƙarfe ke zama a kan ruwa bai nutse ba. Ni ma na leƙa, ashe iska ce a cikinsa."

"Wa ya ce ki yi haka?"

"Ke."

"Ni?"

"A bidiyonki na koya mana laburare. Kika ce in kun samu sabis ku sauke abin da kuke buƙata, ku karanta a nutse. To mu sabis ɗinmu a saman tankin ruwa yake. Da tsani muka kalle ki, bi da bi, wani na riƙe wa wani. Da ƙafata mai ciwon sanyi zan hau tanki in sauke littafi? Na ce kowa ya kawo wayarsa, 'yar ɗan'uwana ce mai laburaren."

Anti ta rasa ta yi dariya ko kuka. "Shugaba na neman sunan wanda ya yi, zai kore shi."

Yatsan Gwaggo ya tsaya a kan madannai. Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ni na yanke miki cibiya. In za ki kai sunana, ki rubuta shi daidai."

Anti ta mai da ido kan tebur. Wayoyin take kallo. Ta ɗauki mai jan zare ta kunna: manhajar makaranta ce a fuska, da lambar ɗalibi a sama. Ta ɗauki mai kore, haka. Ta bi su kaf, babu wadda ba ta ɗalibi mai rajista ba.

Ta koma ofis kusan da gudu. "Injiniya, littafi nawa kamfani ya yarje wa ɗalibi ɗaya? Raba abin da aka sauke gida-gida da yawan wayoyin da zan gaya maka."

Ya danna, ya ɗago. "Kowa bai ma kai rabin rabonsa ba."

"Kira min kamfanin."

Wata mata ce ta ɗauka, murya a bushe kamar takarda. Anti ta zayyana mata komai: tanki, tsani, wayoyi masu zare. Ta ce littattafan duk hannun masu haƙƙinsu suka je, kuskuren kawai ta ƙofa ɗaya suka bi. Daga yau kowace waya da lambarta za ta shiga, ko a cikin ɗakin karatu.

"Sunan wanda ya sauke fa?"

"Makaranta za ta rubuto muku shaida cewa dukkansu ɗalibanta ne. Wa ya karanta me, wannan ba na bayarwa. Ke ma da kin zo nan kin karanta abu, ba zan faɗa wa maigidanki ba."

Sai matar ta yi wata 'yar dariya da ba ta shirya ba. "Saman tanki kika ce?"

Ba a jima ba aka ji shewa daga ɗakin karatu. Jan rubutu ya ɓace.

Shugaba ya dawo yana murza hannu. "An ce an buɗe. Sunan fa?"

"Ranka ya daɗe, ƙofa ta buɗe. A bar kaza cikin gashinta."

Ya dubi Anti, ya dubi dattijuwar da ta leƙo rungume da jakar leda, igiyoyin caja na reto ta bakin jakar. Ya gyara hularsa ya juya zai fita, sai ya ci karo da mutum a bakin ƙofa.

Dogo ne, da farin gemu da jakar fata, ba wanda ya taɓa ganinsa. Bai ba Shugaba hanya ba. Ya ɗaga wani tulin takardu da aka dinke da zare, sabon bugu, har warin tawada yake.

"Wace ce mai kula da laburare a nan?"

"Ga ni."

"Littafin karɓar haihuwa ne wannan. Ni na rubuta shi. Yanzu na same shi a shagon buga takardu na bakin tasha, an jibge su har rufi. Kowane shafi da sunan makarantarku a ƙasansa."

Anti ta juya a hankali. Gwaggo ta ƙara ƙanƙame jakarta.

"Rubutun waya ƙanana ne," in ji Gwaggo. "Guda ɗaya tak na ce yaron shagon ya buga min."