Sawun Allura a Siket ɗin Malama

"Riƙe numfashinki kaɗan, Malama," in ji Tela, da fil biyu a bakinta.

"Tun ɗazu nake riƙe da shi. In na ƙara, sai dai ki kira mutane su ɗauke ni."

Zip ɗin siket ɗin ya hau rabi ya cije. Tela ta ja, ta lallaɓa, ta goga masa kyandir, ya ƙi. Da ma ta san ba zip ba ne. Hannunta ya daɗe yana zagaya ƙugun mata, ba ya jiran tef kafin ya gane an samu ƙari.

"Laifina ne," ta ce. "Wannan yadin munafuki ne, da ya ga ruwa sai ya tsuke. Bar shi nan, gobe kya karɓa."

"Ni ma na ce! Ai ni awona bai taɓa motsi ba tun da na yaye Tilo."

Tela ta yi murmushi. Tana da wata ƙa'ida da ta gada wurin matar da ta koya mata ɗinki: a shagonta mace ba ta ƙiba, yadi ne ke tsukewa. Duk rigar da ta ɗinka sai ta bar mata rarar yadi a ciki, a naɗe, inda ido ba ya kaiwa. Ranar da rigar ta matse, sai ta zagi yadin, ta zagi sabulu, ta farke ɗinkin ta saki kaɗan, ta goge ta miƙa. Mai riga ta tafi tana taku ɗaɗɗaya, kowa ya kwana da mutuncinsa. Wannan ne ya sa mata ke tsallake shaguna da dama su zo nata.

Malama kuwa ba sai ta tsallake komai ba, matakala kawai take saukowa. A saman shagon take zaune, ita kaɗai tun rasuwar mijinta, 'yarta guda kuma, wadda kowa ke kira Tilo, tana aiki a wani gari. Ƙananan yara take koyarwa, shi ya sa ko da manya take magana sai ta ja kalma kamar tana jiran a maimaita. Kowace safiya kafin ta fita takan ba shukokinta na baranda ruwa, rarar ta riƙa ɗiga a kan rumfar kwanon shagon, ɗis, ɗis. Da wannan ɗigar Tela ke sanin lokacin ɗora shayi ya yi.

Daga bara zuwa yanzu kusan duk siket ɗin Malama sai da suka sauko ɗaya bayan ɗaya, wasu har sau biyu. Abin da ya ɗan tsaya wa Tela a rai shi ne, ƙugu yana buɗewa, hannun riga kuma yana yin yawa. Ta ce a ranta shekaru ne, jikin mace in ya kai wani wuri yakan sake shiri. Ta saki nan, ta tsuke can, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ciwon kuwa Malama ba ta ɓoye shi ba. Da la'asar, idan rana ta ratso labulen shagon ta rina komai ruwan zuma, takan zauna a kujerar masu jira ta dafe ƙasan cibiyarta.

"Nan yake, ƙanwata. Ba ya suka, ba ya yanka. Zama yake yi kamar baƙon da bai san hanyar gida ba. Cokali biyu na ci, sai in ji kamar na cinye tukunya. Fitsari kuwa, yara har sun haddace: Malama za ta je ta dawo."

Ta je asibiti ba sau ɗaya ba. An ce olsa ce, ta sha magani. An ce sanyi ne, ta sha wani. An ce ɗaukewar al'ada ce ke tafe da kayanta, ta yi haƙuri. Kowane magani yakan yi mako guda yana mata ladabi, sannan baƙon ya dawo ya gyara zama.

Wata la'asar keken ɗinki yana ta gunjinsa mai sa gyangyaɗi, Malama ta lumshe ido ta yi magana kamar daga nesa.

"Kin san innata da me ta tafi? Ciwon ciki. Ƙanwarta fa? Ciwon ciki. Shi ke nan abin da aka ce mana. Kwanan nan ina yawan ganin Inna da na ɗan kishingiɗa. Tana tsaye a ƙarshen wani dogon baranda, tana gaya mini wata kalma, bakinta na motsi, ni kuma ba na ji. Na karanta cewa akwai wata kansa da ke kama gidan ƙwan haihuwa, tana bin jini daga uwa zuwa 'ya. Wallahi ba tafiyar nake tsoro ba. Ina tsoron in tafi in bar wa Tilo 'ciwon ciki' kawai, ba ta san abin da za ta ce a duba mata ba."

Ƙafar Tela ta tsaya a kan keken. "Haba Malama, daina kawo wannan. Wane asibiti ne ba ki gwada ba? Gobe na rufe shago mu je tare."

Asibitin da suka je yana da wani dogon baranda mai farin fenti, da benci a jere, da fanka mai juyawa a hankali kamar ba ta so. Mutane na zaune shiru, kowa ya rungume ciwonsa. Tela ta yi ta kallon ɗinkin labulayen don ta hana zuciyarta tashi, har ta ga wanda ya yi su bai iya kalmasa ba. Da aka kira Malama, sai ta kama hannun Tela ta ja ta ciki.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta yi tambayoyi, Malama na amsawa tiryan-tiryan, don ta saba da su. Sannan ta ce, "Mama, cikin yana ƙara girma? Kayanki sun fara matse ki?"

"Duk inda na je sai an yi mini wannan tambayar," in ji Malama, har da 'yar dariya. "Kumburi dai yana zuwa yana tafiya. Amma kayana ko ɗaya. Siket ɗin nan tun yaushe nake sa shi, ga shi daidai. Ga telata nan, tambaye ta."

Tela ta ji kamar an zare ƙasan ɗakin. Ƙarar fankar ta yi nisa. Duk inda Malama ta je an tambaye ta, duk inda ta je ta ce a'a, kuma da gaskiyarta take faɗa. Tela ta dubi siket ɗin mai ruwan bula da ke jikin Malama. Ta san cikinsa kamar tafin hannunta, ta san ba sauran rarar yadi ko ta tsinin allura.

"Likita," ta ce, "ni nake buɗe su."

Malama ta juyo.

"Tun bara nake buɗe su, Malama. Ba yadin ba ne. Ƙugun ya ƙaru ya fi taƙi guda, hannuwanki kuma suna ramewa. Na ɗauka shekaru ne. Ban so in ɓata miki rai ba."

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce Malama ta hau gado, ta daɗe tana danna cikin da tafin hannu, sannan ta ce a je a ɗauki hotonsa yau yau, a kuma ɗebi jini. A ɗaki mai duhu aka shafa wa Malama wani abu mai sanyi a ciki, Tela na tsaye a gefe tana kallon allon. Ba ta gane komai ba. Ta ga dai wasu inuwoyi na iyo cikin toka-toka, kamar gajimare a cikin ruwan bokiti, mai ɗaukar hoton kuma ya daina hira.

Suka kama motar komawa gida. Tela tana ta murza bakin mayafinta, hawaye na zuba.

"Malama, ki yafe mini. Ni na rufe miki ido."

"Ke dai kin iya ƙarya, ƙanwata," in ji Malama tana kallon taga. "Yadi munafuki! Ni da nake kama yaro in ya ce akuya ta cinye masa aikin gida." Ta juyo ta dube ta. "Ina da ido, ina wanka. Ƙaryar ce ta yi mini daɗi, na karɓa hannu bibbiyu. Share hawayenki, mutane na kallo, za su ce na hana ki kuɗin ɗinki."

Da sakamako ya fito, abin da Malama ta tsorata ne. Kansa ce a gidan ƙwan haihuwa, ta kuma riga ta yaɗu. Likita ta ce wannan cutar ba ta da hayaniya, da yawa sai ta yi nisa ake gane ta, amma Tela ta san ta faɗa ne don a samu na riƙewa. Ita kuwa Malama, abin mamaki, fuskarta sai ta saki. Ta sa likitar ta maimaita sunan a hankali, ita ma ta maimaita kamar ɗaliba.

"To, sannu baƙo," ta ce tana shafa cikin. "Ashe kana da suna."

Tilo ta zo a ranar da aka kira ta, doguwa mai kama da uwarta har jan kalma. Aka fara magani mai ƙarfi. Gashin Malama ya zube, makaranta ta samo wata malamar, sawun da Tela ke ji a saman kanta ya koma na mutum ɗaya mai sauri, da wani mai ja. Tela ta ɗinka mata riguna masu faɗi marasa zip, daga yadi mafi laushi da ke shagon. Kullum da la'asar takan hau da aikin hannu ta zauna bakin gado. Ɗakin yana ƙamshin man zafi da jiƙaƙƙiyar ƙasar tukwanen baranda, Malama kuma tana shiga barci tana fita kamar mai leƙa ɗakuna.

Wata rana ta farka ta ce, "Na sake ganin Inna. Wannan karon ni na gaya mata kalmar. Ta ce, au, ashe shi ne." Ta juya ga 'yarta. "Tilo, faɗa mini in ji."

"Umma, don Allah ki huta."

"Faɗa. Me za ki ce wa likita?"

Tilo ta gyara zama. "Zan ce uwata ta yi kansar gidan ƙwai, ina zaton kakata ma, da ƙanwarta. A duba ni, a kuma ci gaba da dubawa."

"Da kyau. A tafa mata." Ta ɗaga hannuwanta da suka zama kamar tsinke, ta haɗa su sau ɗaya, ba ƙara. "Ke kuma Tela, in 'yata ta zo awo, ban da zagin yadi."

"Na daina, Malama. Wallahi na daina."

Wata safiya Tela ta buɗe shago, ta share, ta zauna tana jiran ɗigar ruwa don ta ɗora shayi. Tilo ce ke ba shukokin ruwa yanzu, ba ta kuma taɓa fashi ba. Rana ta hau, rumfar na nan a bushe. Ba sawu a sama, ba mai sauri ba mai ja. Tela ta ajiye almakashi ta hau matakalar tana dafa bango. Ta tarar da ƙofa a buɗe, Tilo na zaune a ƙasa ta kifa kanta a gefen gado, tana riƙe da hannun uwarta. Rai ya yi halinsa tun gari na wayewa, cikin barci.

Tela ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar tata uwar. Ta daɗe ba ta iya taɓa keken ba.

Bayan mutane sun watse, gidan ya koma shirunsa, sai ga Tilo ta sauko da la'asar, da siket mai ruwan bula a hannu.

"Anti, na je wurin likitar. Sun duba, sun ce yanzu ba komai, amma za su riƙa ganina." Ta miƙa siket ɗin. "Wannan nake so ki rage mini. Shi ta fi so."

Tela ta zaro tef daga wuyanta ta zagaya ƙugun yarinyar. Ta faɗi awon da ƙarfi, ta sa ta maimaita.

"Ki riƙe shi a ka. In ya motsa zan gaya miki, ko za ki yi fushi da ni."

"Ba zan yi ba, Anti."

Tela ta juya siket ɗin ciki waje, ta sa tsinin almakashi ta farke gefensa. Da ta ɗaga yadin wajen taga don ta ga inda za ta bi, sai tsofaffin ɗinkunan suka bayyana, layi bayan layi, kowane ya ɗan matsa gaba da ɗan'uwansa har bakin yadin. Zaren ya tafi, ramukan allurar suna nan. Hasken la'asar ya biyo ta cikinsu ya zuba a fuskar Tilo ƙanana-ƙanana, ita kuma ta tsaya cak ba ta kauce ba.